Yadda Ake Duba Injin Toyota 4A-FE Kafin a Biya Kuɗi, da Yadda Ake Riƙe Shi

Duk wanda ya san harkar mota a Arewa ya san tsofaffin Corolla da Carina E da suka shigo ta Kwatano tun shekarun baya, waɗanda har yau suke ɗiban fasinja tsakanin Kano da Katsina, Zariya da Funtuwa, Maraɗi da Damagaram. Da yawa daga cikinsu inji ɗaya ne ke jan su, wato 4A-FE na Toyota. Sunan da ya yi na juriya gaskiya ne, ba tallar dillalai ba ce. Sai dai sunan nan shi ke sa mutane sakaci wajen saye. Da an ce 4A ne, aka tayar, aka ji ƙararsa ta yi daɗi, sai a fara ƙirga kuɗi. To, mafi ƙarancin shekaru a cikin waɗannan injuna ya haura shekara 20 yanzu. Inji mai irin wannan shekaru ba a sayensa da kunne kawai, auna shi ake yi, kuma kayan awon ba su fi ƙarfin kowa ba.

Fara sanin abin da kake nema

Toyota ta fara fitar da 4A-FE a 1987, ta ci gaba da ƙera shi har farkon shekarun 2000, lokacin da injunan Toyota na jerin ZZ, masu sarƙa a maimakon tayimin bel, suka gaje shi. Silinda 4 ne a jere, girmansa cc 1,587, abin da ake kira lita 1.6. Faɗin kowace silinda milimita 81, tafiyar fistin milimita 77, matsinsa kuma 9.5 zuwa 1. Bulok ɗinsa na baƙin ƙarfe ne, tof silinda na alminiyam, da bawul 16 da kamshaf 2. Ƙarfinsa yana tsakanin doki 100 zuwa 115, ya danganta da shekara da kuma ƙasar da aka yi wa motar. Za ka same shi a Corolla masu lamba AE92, AE101 da AE111, da Carina E wadda aka fara haɗawa a Burnaston ta Ingila a 1992, da Avensis ta farko, da Geo Prizm ta Amurka.

Abu biyu a ƙirarsa su ne tushen juriyar. Na farko, baƙin ƙarfen bulok ɗin yana ɗaukar wahala, kuma in ya ci ana iya yi masa borin a sa manyan fistin ya koma aiki. Na biyu, in tayimin bel ya tsinke, fistin ba ya bugun bawul. Motar za ta mutu ne kawai a inda take, a sa sabon bel a ci gaba da tafiya. Injuna da yawa na zamaninsa ba haka suke ba, bel na tsinkewa an shiga sayen bawul. Bel ɗin nan kamshaf ɗaya yake juyawa, na ɓangaren hayaƙi, shi kuma ya juya ɗan'uwansa da haƙoran giya a ƙarƙashin murfi.

Rauninsa kuwa guda ɗaya ne babba: zafi. Alminiyam da baƙin ƙarfe ba sa buɗewa daidai da juna in wuta ta yi yawa. Inji ya tafasa sau ɗaya mai tsanani, tof silinda ya lanƙwashe, gaskit ya ƙone. A ganina yawancin 4A-FE da suka mutu a ƙasashenmu ba tsufa ne ya kashe su ba, ruwa ne da zafi. Don haka rabin binciken da zan lissafa neman alamar tsohon zafi ne.

Mataki na 1: tabbatar shi ɗin ne

4A-FE yana da 'yan'uwa da suke kama da shi ƙwarai. Akwai 5A-FE mai cc 1,498, akwai 7A-FE mai cc 1,762, akwai kuma 4A-F mai kafireto. Murfin sama ba shaida ba ne, domin ana musanya shi. Nemi lambar da aka buga a jikin bulok, kusa da inda yake haɗuwa da giya. Goge wurin da tsumma da ɗan fetur, haska tocilan. Harafin farko zai ce 4A, ko 5A, ko 7A. Sannan ka gwada da farantin da ke maƙale a jikin motar cikin bonet, wanda ya rubuta samfurin motar da nau'in injinta. In sun saɓa, an taɓa sauya inji. Wannan ba laifi ba ne a kansa, amma sai ka tambayi birenbos, wato 'yar kwamfutar da ke sarrafa inji, da wayarin na wane inji ne, domin haɗin gambiza a nan shi ke kawo shan mai da babu makanikin da zai gane dalilinsa.

Wasu Carina E na Turai suna ɗauke da nau'in da aka tsara ya ƙona fetur kaɗan cikin iska mai yawa. Manifol ɗinsa da sensar salansarsa da birenbos ɗinsa daban suke da na gama-gari. In yana lafiya yana da tsimin mai, amma kayansa sun fi wuyar samu, kuma bai jure mataccen fulogi ko tsohuwar waya. Wanda yake nesa da babbar kasuwar kayan gyara, gara ya nemi na gama-garin.

Mataki na 2: same shi da sanyi

Ka ce wa mai motar za ka zo da sassafe, kada a tayar kafin ka iso. Da zuwanka ɗora bayan hannu a kan murfin inji. In ka ji ɗumi, an riga an tayar, kuma akwai abin da inji ke faɗa a tashin farko wanda ba ya maimaitawa sai gobe. Ka koma ka dawo.

Buɗe murfin zuba baƙin mai ka kife shi. In ka ga wani abu mai kauri fari-fari kamar shayin da aka cika wa madara, ruwa yana haɗuwa da mai. Leƙa ramin da tocilan. Ƙarfe mai launin ruwan zuma alamar an riƙa juye mai a kan lokaci ne. Baƙin daskararren datti da ya toshe ko'ina kuwa alamar an yi shekaru ana ƙari ba a juyewa. Zaro sandar gejin mai ka duba tsayinsa, ka shinshina ko yana warin fetur.

Sai lagireto, tunda injin da sanyi yake. Buɗe murfinsa. Ruwa mai launin ja ko kore, garau, abin so ne. Ruwa mai tsatsa launin ƙasa ya nuna ruwan rijiya ko na burtsatse ake zubawa. Maiƙo a saman ruwan mummunar alama ce. Matsa manyan tiyo biyun da hannu. Wanda ya kumbura ko ya yi tauri yana ƙaraf-ƙaraf ya gama aiki.

Daga nan bi jikin injin da ido kana neman yoyo. Wurare uku ne 4A-FE ya saba zubar da mai: gefen murfin bawul, gindin distibuta inda wata 'yar robar zobe take bushewa, da bayan murfin tayimin inda sil ɗin kamshaf da na kiranshaf suke. Zare wayoyin fulogi ɗaya bayan ɗaya ka leƙa ramukan. In mai ya taru a ciki, robobin murfin bawul ne suka gaji. Duk waɗannan gyara ne mai sauƙi, na rage farashi ne, ba na fasa ciniki ba. Injin da aka wanke fes da safiyar ranar kuwa, sai ka bar shi ya yi aiki ka sake zagayawa.

Mataki na 3: tashin farko

Sa wani ya murɗa makulli, kai ka tsaya a bayan motar kana kallon salansa. Amma kafin a tayar, a tsaya a matakin da fitilun dashbod ke kamawa. Dole fitilar mai da fitilar inji su kama. In ɗaya ba ta kama ba, ka ɗauka an cire ƙwanta ne don ɓoye wani abu, har sai an nuna maka akasin haka. Bayan tashi, fitilar mai ta mutu cikin daƙiƙa biyu ko uku.

Hayaƙi shuɗi da ya fito a tashin farko ya ɗauke bayan ɗan lokaci, robobin wuyan bawul ne suka bushe, mai ya tsiyaya cikin silinda da dare. Wannan ciwon tsufa ne da kusan duk 4A-FE yake yi, kuma ana gyara shi ba tare da an taɓa ƙasan inji ba. Shuɗin da ke ƙaruwa duk lokacin da aka taka totur kuwa, ringi ne. Baƙin hayaƙi, fetur ne ya yi yawa. Farin tururi da sanyin safiya ba komai ba ne in ya ɗauke, amma fari mai kauri da ya ƙi tsayawa bayan inji ya yi zafi, ruwa ne ke ƙonewa.

Koma gaba ka saurara. Ƙaramar ƙara ta cak-cak daga sama, bawul ne ke neman saiti. Bugu mai nauyi daga ƙasa, wanda ke bin totur, metal ne, wato ƙarafan da kiranshaf ke juyawa a kansu, kuma wannan buɗe inji ne gaba ɗaya. Sulo zai fara da ɗan sama, sannan ya sauko a hankali ya tsaya wajen juyi 700 zuwa 800 a minti in inji ya ɗumama.

Tun injin bai yi zafi ba, bar murfin lagireto a buɗe ka kalli ruwan na ɗan lokaci. Kumfa da ke ta tasowa ba ƙaƙƙautawa hayaƙin silinda ne ke kutsowa ta gaskit. Da ka gama kallo ka rufe, kada ka sake taɓa murfin nan sai inji ya huce sarai. Ruwan ciki yana iya saɓule fatar fuska.

Mataki na 4: bari birenbos ya yi magana

Wannan ne matakin da mutane suka fi tsallakewa, alhali bai buƙatar kwamfuta. Yawancin waɗannan motoci suna da wani ƙaramin akwatin roba cikin bonet da aka rubuta DIAGNOSIS a kansa. Buɗe shi, a bayan murfin akwai taswirar ramukan. Kashe inji, ɗauki guntuwar waya ka haɗa ramin TE1 da na E1. Ka tabbatar su ɗin ne, domin akwai ramin da ke ɗauke da wutar batir a wurin. Sannan murɗa makulli fitilu su kama, ba tare da ka tayar ba, ƙafarka kuma ba ta kan totur.

Fitilar inji za ta fara ƙiftawa. In tana ƙiftawa da sauri daidai wa daida ba tsayawa, babu laifin da aka adana. In akwai, za ta ƙifta lambar farko, ta ɗan dakata, ta ƙifta ta biyu. Ƙiftawa 2, dakatawa, ƙiftawa 2, lamba 22 ke nan. Ga waɗanda aka fi gani: 12 da 13 siginar juyawar inji daga distibuta, 14 siginar wuta, 21 sensar salansa, 22 sensar zafin ruwa, 24 sensar zafin iska, 25 fetur ya yi kaɗan, 26 fetur ya yi yawa, 31 sensar da ke auna zuƙar iska a manifol, 41 sensar totur, 42 sensar gudu. Rubuta su. Don gogewa, zare fis ɗin da aka rubuta wa EFI na kamar daƙiƙa 30 ka mayar, ka yi tafiya, ka sake dubawa. Lambar da ta dawo ita ce ciwon gaske. Motocin Amurka daga 1996 sun koma sabon soket na ƙarƙashin sitiyari, su sai da na'ura.

Lamba tana nuna layin da matsala take ne, ba lallai sensar ce ta mutu ba. A mota mai wannan shekaru, sau da yawa soket ne ya karye ko waya ta bushe.

Mataki na 5: auna kwamfireshin

In abu ɗaya kawai za ka iya yi cikin duk wannan, to yi wannan. Gejin kwamfireshin, wanda ke auna matsin da ke cikin kowace silinda, ba shi da tsada, kuma makanikin da ya san aikinsa yana da shi.

Bari inji ya yi zafi, kashe shi. Cire soket ɗin distibuta da fis ɗin EFI don kada wuta ko fetur su zo. Kwance fulogi huɗun duka, ka jera su bisa tsarin silindarsu. Ɗaura gejin a rami na farko, wani ya take totur har ƙasa, ya murɗa kik har allurar ta daina hawa. Rubuta, ka wuce na gaba. Batir ya kasance da ƙarfi, in ba haka ba awon zai yi ƙarya.

Ma'aunin Toyota ga lafiyayyen inji kilo 13.5 ne a kan kowace murabba'in santimita, wato psi 191. Mafi ƙarancin da aka yarda da shi kilo 10, psi 142. Bambanci tsakanin silinda da silinda kada ya wuce kilo 1, psi 14. Daidaiton nan ya fi tsayin lambar muhimmanci. Injin da ya ba da 165 a duka huɗun ya fi wanda ya ba da 190 a uku, 140 a ɗaya.

In wata silinda ta yi ƙasa, zuba mata cokali ɗaya na baƙin mai ta ramin fulogi ka sake aunawa. In lambar ta hau sosai, ringi ne ko jikin silindar ya ci. In ba ta motsa ba, bawul ne ba ya rufewa ko gaskit. Silinda biyu maƙwabta da suka faɗi tare, gaskit ne ya ƙone a tsakaninsu.

Kafin ka mayar da fulogin, dube su. Launin toka-toka ko ruwan ƙasa lafiya ce. Baƙi busasshe, yawan fetur. Baƙi mai maiƙo, mai na hawowa. Guda ɗaya da ya yi fari tas fiye da sauran, shi ne abin tsoro, domin tururin ruwa ne ke wanke shi.

In fitilar mai tana ƙiftawa a sulo bayan inji ya yi zafi, a ɗaura geji a auna matsin mai. A sulo kada ya gaza kilo 0.3, a juyi 3,000 a minti kuma ya kasance tsakanin 2.5 da 5.

Mataki na 6: tsarin sanyaya inji

A nan zan daɗe, domin a nan muke cutar da injin nan da hannunmu.

Al'ada ce a garejojinmu, mota na saukowa daga Kwatano sai a cire tamostat, wato bawul ɗin da ke tare ruwa har sai inji ya yi zafi, a jefar, a haɗa fanka kai tsaye da makulli, a ce ai an yi su ne don ƙasar ƙanƙara. Wannan kuskure ne, kuma mai motar ne ke biyan kuɗinsa a gidan mai. Tamostat ɗin 4A-FE yana fara buɗewa ne tsakanin digiri 80 da 84, kuma an tsara injin ya yi aiki a sama da haka kaɗan, ko a Jamus ko a Sakkwato. Birenbos yana kallon sensar zafin ruwa. Muddin ya ga inji bai kai zafinsa ba, zai ci gaba da ƙara fetur kamar yanzu aka tayar. Fetur ɗin da ya yi yawa yana wanke man da ke jikin silinda, yana gangarawa ya tsinka baƙin mai, ringi su ci da wuri. Da sanyin hunturu, motar da ba tamostat tana iya yin tafiyar safiya gaba ɗaya ba ta kai zafin aiki ba. Tun da aka cire tallafin fetur a Najeriya a watan Mayun 2023, wannan ba ƙaramar asara ba ce.

Kuma cire tamostat ba ya maganin zafi. In mota tana tafasa a watan Afrilu a Maiduguri, dalilin yana wani wuri: lagireto ya toshe da gishirin ruwan burtsatse, ko fukafukan famfon ruwa sun cinye da tsatsa, ko murfin lagireto ba ya riƙe matsi, ko fanka ba ta tashi, ko gaskit ya riga ya fara tafiya.

Ga yadda za ka duba. Bayan tashin safe, riƙe tiyon lagireto na sama da na ƙasa lokaci-lokaci, kana kiyaye hannunka daga fanka da bel. In akwai tamostat mai aiki, lagireto zai daɗe bai ɗauki zafi ba, sai allurar dashbod ta kusa tsakiya sannan zafin ya ratsa shi. In tun mintunan farko komai yana ɗumama tare a hankali, kuma allurar ta ƙi kaiwa tsakiya, babu tamostat. Fanka kuma ta tashi da kanta in ruwa ya haura digiri 90, ta yi aiki kaɗan ta tsaya. A waɗannan Toyota, in ka zare soket ɗin makunnin fanka makulli na kunne, fankar za ta tashi nan take. Hanya ce mai sauƙi ta gane cewa motar fankar da wayarinta lafiya suke.

Murfin lagireto na 0.9 ne, an rubuta a kansa. Ƙaramin abu ne mai araha, amma in robarsa ta tsage ruwa zai tafasa da wuri. Famfon ruwa a wannan inji ba tayimin bel ne ke juya shi ba, bel ɗin altaneta ne. Ma'ana, in bel ɗin nan ya tsinke a hanya ka ga fitilar batir ta kama, ba caji kaɗai ka rasa ba, ruwa ma ya daina zagayawa. Tsaya nan take. Kada ka ce bari in ƙarasa gari.

Mataki na 7: hau titi

Yi tafiyar da ta kai minti 20, da go-sulo da buɗaɗɗen titi, da na'urar sanyi a kunne in tana aiki. Allurar zafi ta tsaya wuri ɗaya. A gangara saki totur na ɗan lokaci sannan ka taka, wani yana kallon hayaƙin baya. Da kun dawo, leƙa ƙarƙashi.

In injin a ƙasa yake

Wanda zai sayi inji zalla a Ƙofar Ruwa ta Kano, ko Fanteka ta Kaduna, ko Ladipo ta Legas, ba zai samu yin yawancin wannan ba. Abin da ya rage sai ido da hannu. Juya kiranshaf da sifana zagaye biyu cikakku. Ka ji tauri sau huɗu iri ɗaya, ba tare da maƙalewa ba. Sa a buɗe murfin bawul ka ga tsabtar ciki da kan kamshaf, ko akwai zane. Kwance fulogi ka duba. Leƙa bakin hanyar ruwa ko tsatsa ta cika shi. In mai kayan ya yarda, a sauke kwanon ƙasa a duba ko akwai ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli. Dubi kawunan kusoshi da gefen gaskit, domin wanda aka buɗe aka sake haɗawa a gida ana sayar da shi da sunan ɗan Beljiyam, kuma gam ɗin da ya tsattsafo ta gefe yana tona shi. A ƙarshe a rubuta maka a rasit kwana nawa aka ba ka na gwaji, da abin da za a yi in bai yi ba.

Bayan an saya

Kada ka yarda da lambar kilomita da ke dashbod, kada kuma ka yarda da "ai kwanan nan aka sauya". Fara lissafinka daga sifili.

Tayimin bel ne farko. Ana sauya shi duk kilomita 90,000 zuwa 100,000, ko shekara biyar, domin roba tana tsufa ko ba a tafiya. Na shekarun 1990 yawanci haƙora 117 ne, na 7A-FE kuwa 121, don haka a ƙirga haƙoran tsohon kafin a sayo. Sauya shi tare da tayar da ke ɗaure shi da sufirin ɗinta da sil ɗin kamshaf da na kiranshaf, tunda wurin a buɗe yake. Wajen saiti, tsagar fulin kiranshaf ta tsaya a kan 0, ramin fulin kamshaf kuma ya yi daidai da alamar da ke bayansa. Bayan an ɗaura, a juya inji da hannu zagaye biyu a sake duba alamomin. Haƙori ɗaya in ya goce, motar za ta tashi, amma ba ƙarfi, ga shan mai.

Sai ruwa. Juye na ciki duka, wanke lagireto, sa sabon tamostat tare da 'yar ƙusar da ke lilo a jikinsa tana kallon sama don iska ta fita. Mayar da fanka kan makunninta. Zuba ruwan sanyaya inji na gaskiya. In mai kauri ne da ake sirkawa, sirka shi da tataccen ruwa irin wanda ake ƙara wa batir, ba mai asid ba. Sabunta shi duk shekara biyu.

Baƙin mai kuwa, injin nan wajen lita 3 yake ɗauka har da filta. Galan na lita 4 ba a juye masa duka. Na sha ganin yaran gareji suna kife galan gaba ɗaya wai kada a bar saura, kuma man da ya wuce alama yana kumfa, yana tura sil, yana hawowa ya ƙone. Zuba lita 3, tayar, kashe, jira kaɗan, duba sanda, sannan ka cike zuwa alamar sama. Ragowar ka ajiye a but. Injin da ya ba da kwamfireshin mai kyau, 10W-40 ko 15W-40 ya ishe shi. Wanda ya fara gajiya, 20W-50. Juye duk kilomita 5,000 tare da filta, kuma ka sayi mai a rufaffen galan daga wurin da ka amince da shi, ba na durom da ake aunawa a kwalba ba. Akwai ƙaramin bawul na numfashi a kan murfin inji. Zare shi ka girgiza, in bai yi ƙara ba ya toshe, kuma toshewarsa kaɗai tana sa yoyo.

Fulogi na gama-garin nau'in shi ne Denso K16R-U ko NGK BKR5EYA, da tazarar milimita 0.8, sai dai in takardar da ke manne a cikin bonet ta faɗi wani abu daban, to ita za a bi. Tsarin wuta 1-3-4-2 ne. Kowace wayar fulogi kada juriyarta ta wuce kilo-om 25 in an auna ta da mitar awon lantarki. Kwayil yana cikin distibuta, kuma abin da ya fi kashe shi shi ne tsofaffin wayoyi da fulogi masu faɗin baki da ke tilasta masa aiki fiye da kima. Lokacin wuta digiri 10 ne kafin fistin ya kai ƙololuwa, ana saita shi da fitilar tayimin bayan an haɗa TE1 da E1. Murɗa distibuta da kunne har a ji ƙara ta yi daɗi ba saiti ba ne.

In sulo yana hawa yana sauka, ko motar na mutuwa in an tsaya a danja, kafin a taɓa kowane sukuru a wanke maƙogwaron totur da bawul ɗin sulo da ke jikinsa, a kuma bi ƙananan tiyon iska ko wani ya tsage. Sensar zafin ruwa ana auna ta da mita: kilo-om 2 zuwa 3 a digiri 20, ta sauko 0.2 zuwa 0.4 a digiri 80. Filtar iska a lokacin ƙurar hunturu a duba ta duk mako biyu, kuma ba a tafiya babu ita ko na yini ɗaya, domin ƙurar nan ita ke cinye ringi.

Saitin bawul ba na sukuru ba ne, na ƙananan faifan ƙarfe ne da ake musanyawa. Da sanyi ake aunawa: na shigar iska milimita 0.15 zuwa 0.25, na fitar hayaƙi 0.25 zuwa 0.35 a injunan shekarun 1990. Yana daɗewa bai goce ba, amma wanda ya matse ya fi mai ƙara haɗari, domin shiru yake yi har ya ƙone. In kuwa ta kai ga buɗe tof silinda, a kai shi a duba miƙewarsa kafin a sa sabon gaskit, kuma a ɗaure kusoshin da sifana mai awo, daga tsakiya zuwa gefe. A 4A-FE na ƙarshe-ƙarshe, awon Nm 29 ne a kan sifanar, sannan a ƙara murɗawa digiri 90, a sake ƙara digiri 90. Ɗauri da bututu da ƙarfin damtse shi ne dalilin da gaskit ke sake ƙonewa bayan wata biyu.

Da an gama duk wannan, auna shan man motar. Cika tanki har famfo ya tsaya da kansa, rubuta kilomita, yi tafiyarka, ka koma famfo ɗaya ka sake cikawa, ka raba kilomitar da litar da ta shiga. Corolla mai giyar hannu da lafiyayyen 4A-FE ya kamata ta ba ka kilomita 12 zuwa sama a lita ɗaya a doguwar hanya. In ta tsaya a 8 ko 9, koma kan tamostat, sensar zafin ruwa, sensar salansa da lokacin wuta, bi da bi, sannan a auna matsin fetur, wanda ya kamata ya kasance tsakanin kilo 2.7 da 3.1.